Daji, Turba da Malam-Buɗe-Littafi: Darasin da Tsoro Ya Ƙwace wa Yaranmu

Jawabin da aka gabatar a taron reshen Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Nijeriya a garin Damari



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya tsirar da itatuwa, ya halicci manyan dabbobi da ƙananan ƙwari, kowanne da aikin da aka ɗora masa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban reshe, wakilin Sakataren Ilimi, shugabannin makarantu, iyayenmu 'yan kwamitocin kula da makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata da kuka taso daga sassan Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, muna yi muku barka da zuwa Damari, da fatan kun baro gida lafiya.

Mun san abubuwan da aka saba tattaunawa a irin wannan zama: ƙarin girma da ya maƙale, kuɗin hutu, azuzuwan da iska ta yaye wa rufi, da malami guda a gaban yaran da suka fi ƙarfin aji. Duk waɗannan suna nan, kuma ƙungiya ba za ta daina bin kadinsu ba. Saboda haka ba za mu ga laifin wanda ya ji kan jawabinmu ya ce a ransa, ana ta kai wa yake ta kaya ba. Roƙonmu shi ne a ba mu aron kunne na ɗan lokaci. Akwai wata asara da ba ta fitowa a takardar albashi, ba ta fitowa a rahoton sufeto, amma tana cin yaranmu kullum. Asarar ita ce rabuwar ɗan manomi da sanin ƙasar da aka haife shi a kanta.

Dajin da ke bayan gidanmu

Allah ya zaunar da mu a tsakiyar manyan dazuzzukan Arewa. Nan kusa da mu akwai dajin Kogo. Ta arewa ga dajin Rugu, wanda ya bi yammacin Jihar Katsina ta Ɗanmusa da Safana da Batsari. Ta yamma ga Kuyambana a Jihar Zamfara. Ta kudu maso yamma kuma ga Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, wanda En'e ta keɓe a matsayin gandun daji tun 1936, Gwamnatin Tarayya kuma ta mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,120, kuma a cikinsa ne ake da mafaɗar ruwa ta Dogon Ruwa da Goron Dutse da Tsaunin Rema. An rubuta giwaye da gwamki da gwaggon biri cikin dabbobinsa, da tsuntsaye fiye da iri 170.

Waɗannan dazuzzuka sun girmi garuruwanmu. A Ingila suna da ma'auni na tsohon daji: duk wurin da itatuwa suka rufe shi ba yankewa tun daga shekarar 1600, suna ba shi daraja ta musamman, domin sun gano cewa abin da ya taru a ƙasarsa da inuwarsa cikin ɗaruruwan shekaru ba a samar da shi da dashe. Ana iya dasa darbejiya dubu a damina guda, amma inuwar darbejiya dabam, kurmi dabam. Tsohon daji irin namu ana gane shi da doka da maje da kawo da maɗaci da marke da kirya da taura da maɗobiya, da kurmi mai duhu da ke bin bakin rafi, inda ruwa ke kwana har cikin rani. Kaɗanya kaɗai takan yi shekara 15 ko 20 kafin ta fara 'ya'ya. Wanda ya sare ta da hantsi ya sare aikin da ya girmi ɗansa.

Rayuwar iyayenmu ta jingina da wannan daji ta kowace fuska. Man kaɗe da daddawar kalwa, turmi da taɓarya, gawayin maƙera, ƙaron maje na turare, sassaƙen maɗaci na magani, zuma da naman farauta, duk daga nan suke. Har karatun da ya raine mu bai tsira ba: allon itace ne, alƙalamin gamba ne ko sillen kara, tawadar kuwa gawayi da ƙaro. Zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, wata tsutsar daji ce ke saƙa shi a jikin itace, magabata suka gano yadda za a dafa shi a kaɗa shi. Mutanen da suka kai ga wannan sani sun daɗe suna kallon daji da idon basira.

Yadda wasu ke ziyartar nasu

A wasu ƙasashe irin wannan wuri aji ne na biyu. A Gana, kusa da Kumasi, birnin da Hausawa suka daɗe da kafa zango a cikinsa, akwai dajin Bobiri, wanda ya yi suna saboda malam-buɗe-littafi kimanin iri 400 da aka ƙidaya a cikinsa. An fitar da turbobi a tsakanin itatuwa, an tanadi 'yan jagora da masauki, ɗalibai da baƙi suna zuwa su bi turba su dawo da abin rubutawa. Nan gida Nijeriya ma, a harabar cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, an bar daji mai faɗin hekta 350 ya ci gaba da rayuwarsa a gefen babban birni. An ƙidaya malam-buɗe-littafi fiye da iri 200 a cikinsa, kuma makarantu suna kai yara. Masani Torben Larsen, wanda ya wallafa babban littafi kan malam-buɗe-littafin Afirka ta Yamma a 2005, ya tattara kusan iri 1,500 a wannan yanki, kuma fiye da 1,000 daga cikinsu ana samun su a Nijeriya.

Mu lura da abin da ya mayar da waɗannan wurare makaranta. Abu uku ne: turba sananniya wadda ake bi a dawo, mutum mai sanin sunayen abubuwan da ke gefenta, da kwanciyar hankalin da zai bar yaro ya tsaya ya kalli abu har ya fahimce shi. Na farko da na biyu muna da su. Na ukun ne aka ƙwace mana.

A ƙarshen shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙarin gandun daji na ƙasa guda goma, kuma Kogo na cikinsu, tare da Falgore ta Jihar Kano da fadamar Haɗejiya ta Jihar Jigawa. Da a lokacin zaman lafiya ne, da wannan labari ya zama abin biki a makarantunmu. Amma a ƙarshen wannan shekara dai, daren 11 ga Disamba, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗaruruwan yara cikin daji da ƙafa. An sako 344 ranar 17 ga wata. Wannan ita ce tafiyar daji mafi shahara da 'yan makarantar yankinmu suka yi a wannan zamani, Allah kada ya maimaita mana. Bayanta an rufe makarantu, an tashi ƙauyuka, har aka kai ga yanke layukan waya a ƙananan hukumominmu a watan Satumba na 2021.

To, mu dubi abin da wannan ya yi wa harshen yaro. Mu rubuta kalmar daji a kan allo, mu ce wa 'yan aji huɗu kowa ya faɗi abin da ya zo masa a rai. Dukanmu mun san amsoshin: ɓarayi, bindiga, babur, kuɗin fansa. Da wuya a sami mai cewa zuma ko taura. A bakin mutane yanzu "mutanen daji" na nufin masu kisa, alhali a da mafarauci da makiyayi da mai sassaƙa ake nufi. Yaron da aka haifa cikin shekaru goman nan bai taɓa sanin daji ba sai a matsayin inda mugunta ke fitowa. Idan ya girma a haka, ranar da aka ce masa a ƙone shi ko a sayar da shi ga masu gawayi, ba shi da dalilin cewa a'a. Mutum ba ya kare abin da yake tsoro, kuma ba ya kewar abin da bai san sunansa ba.

Bari mu faɗi wata magana a fili don kada a yi mana mummunar fahimta. Babu malamin da zai ɗauki ɗan mutane ya nufi Kogo ko Kamuku da shi da sunan ziyarar ilimi, ko da an ce ƙura ta lafa, sai ranar da hukuma da jami'an tsaro da iyaye suka tabbatar da amincin hanya. Ran yaro guda ya fi dukkan darussan da ke cikin manhaja. Abin da muke kira gare shi shi ne shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Idan yaro ba zai iya zuwa daji ba, akwai manzon da daji ke aiko mana har cikin harabar makaranta, ba ya neman izinin kowa.

Ƙwaron da aka ba sunanmu

Bahaushe ya dubi wannan ƙwaro yana buɗe fikafikansa yana rufewa kamar shafuka, sai ya kira shi malam-buɗe-littafi. Cikin dukkan halittu shi ne aka raɗa wa sunan sana'armu, don haka bai kamata a ce mu ne muka fi kowa jahiltarsa ba.

Rayuwarsa hawa huɗu ce. Uwa takan ajiye ƙwai ƙanana a bayan ganye. Ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, wadda ba ta da aiki sai ci, tana saɓa fata sau da yawa saboda girma. Daga nan ta maƙale a reshe ta shiga kwanso, ta yi shiru kamar matacciya, alhali a ciki ana rushe jikinta ana sāke gina shi. Bayan kwanaki kwanson ya tsage, mai fikafikai ya fito a jiƙe, ya jira su bushe, ya tashi. Ƙafafunsa shida, fikafikansa huɗu, kuma garin da ke manne wa yatsa idan an kama shi ƙananan ɓawo ne jere kamar jinka, su ke ba shi launi. Bakinsa siririn bututu ne a nannaɗe, yana miƙe shi ya zuƙi ruwan fure. Da ƙafafunsa yake ɗanɗano, shi ya sa uwa ke taka ganye kafin ta yi ƙwai a kansa. Jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa, sai rana ta ɗaga yake samun kuzarin tashi.

Babban abin da muke so malami ya riƙe shi ne wannan: galibin ire-irensa suna da tsirran da tsutsarsu ke ci, ba ta cin wasu. Idan tsiron ya ɓace daga wuri, ƙwaron ya ɓace. Saboda haka mai ƙidayar malam-buɗe-littafi, a haƙiƙa lafiyar ƙasa yake aunawa. Ga guda biyar da kowannenmu zai iya nuna wa yara ba tare da ya bar gari ba.

Na farko shi ne na tumfafiya, mai launin jan ƙasa da baƙin gefe mai ɗigon fari, wanda a nan Afirka ta Yamma fikafikansa na baya sukan yi fari. Tsutsarsa tana cin ganyen tumfafiya ta tara dafinsa a jikinta, dafin ya bi ta har ta zama mai fikafikai. Tsuntsun da ya ci shi sau ɗaya zai yi amai, ba zai sāke ba. Shi ya sa yake tafiyarsa a hankali, kamar mai uwa a gindin murhu.

Na biyu shi ne mai kwaikwayonsa. Namijin baƙi ne mai manyan ɗigon fari da shuɗi-shuɗi a kewaye, amma macen ta ɗauki kamannin na tumfafiya sak, alhali ita ba ta da wannan dafi. Tsuntsaye suna ganin ta su kauce. A nan malami ya sami darasi kan yadda halitta ke kare kanta, ya kuma sami abin faɗa kan bambancin kama da wane da zama wane.

Na uku shi ne na lemo, babba, baƙi mai zanen rawaya. Tsutsarsa tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take a kan ganye, don kada a kula ta. Idan ta girma sai ta koma kore, in an taɓa ta kuma ta fito da wasu ƙahoni biyu masu wari daga bayan kanta. Duk gidan da ke da bishiyar lemo yana da wannan darasi kyauta.

Na huɗu su ne farare da rawaya da ke yin ƙwai a kan tafasa da rai-ɗore. Su ne muke gani sun taru a kan laka a bakin rijiya ko inda shanu suka yi fitsari. Galibinsu maza ne, gishiri suke zuƙa daga danshin ƙasa.

Na biyar baƙo ne. Akwai wani mai launin ruwan goro da baƙi da fari wanda ke tasowa daga Turai a ƙarshen damina, ya haye Bahar Rum, ya haye Sahara, ya sauka a ƙasashenmu ya hayayyafa, 'ya'yansa da jikokinsa kuma su koma arewa. Nauyinsa bai kai giram ɗaya ba. Malamin da ya shimfiɗa taswira ya nuna wa yara wannan hanya ya koyar da labarin ƙasa da ba za su manta ba.

Bayan waɗannan akwai na cikin kurmi, masu ƙarfin fiffike da saurin tashi, waɗanda suka fi son ruɓaɓɓen ɗan itace da ruwan jikin bishiya a kan fure. Idan aka rataye ruɓaɓɓiyar ayaba ko mangwaro a inuwar manyan itatuwa, sukan zo. Zuwansu shaida ce cewa wurin yana da sauran rai na daji, rashinsu kuma gargaɗi ne.

Wani manomi a cikinmu, kuma kusan dukanmu manoma ne, zai ce: ashe ba tsutsa ce ke cinye mana masara ba? Gaskiya ne. Tsutsar da ta shigo Nijeriya a 2016 ta addabi masara, 'yar wani ƙwaro ce mai tashi da dare, dangin faɗa-wuta, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi. Wannan ma dalili ne na koyarwa. Wanda bai iya bambancewa ba shi ne ke fesa magani a kan komai, ya kashe mai ɓarna tare da zuma da sauran masu ɗaukar garin fure daga wannan tsiro zuwa wancan, waɗanda kabewa da kuɓewa da auduga ke amfana da su. Yaron da ya san zagayen rayuwar ƙwaro zai duba bayan ganyen masara tun tana ƙarama, ya ga ƙwai kafin ya zama annoba.

Turbar makaranta

Ga abin da muke ba da shawara, kuma ba ya bukatar ko sisin gwamnati kafin a fara.

Kowace makaranta ta fitar da turba guda mai tsawon taku 300 zuwa 500, cikin harabarta ko a gefenta, inda ana hango ginin makaranta daga ko'ina. Turbar ta bi ta wurare mabambanta: gindin babbar bishiya, gefen shinge, bakin rijiya ko famfo, da wani lungu da za a bari ba nome ba ƙonawa, tafasa da tumfafiya da ciyawa su yi yadda suke so. A sa wa kowace bishiya allo mai sunanta da Hausa, da Fulatanci idan an samu, da Turanci.

Sau ɗaya a mako, da hantsi bayan rana ta ɗaga, malami ya bi turbar da rukunin yara goma zuwa goma sha biyar, a hankali, ba gudu ba hayaniya. Su ƙidaya duk malam-buɗe-littafin da suka gani cikin taku uku dama, taku uku hagu, da kaɗan a gabansu. Ɗaya ya riƙe littafi ya rubuta kwanan wata, yanayin gari, launi da adadi. Wannan hanya ba mu muka ƙago ta ba. Ita ce masanin nan Ernest Pollard ya tsara, kuma da ita ake ƙidaya a Birtaniya tun 1976, galibi ta hannun masu sa kai. Darajarta tana cikin maimaitawa: turba ɗaya, lokaci ɗaya, mako bayan mako. Lokacin da ya fi albarka a wurinmu shi ne daga ƙarshen damina zuwa kaka, wanda ya dace da zangon farko na shekarar karatu. Idan hunturu ya shigo adadi zai ragu, wannan raguwar ita ma a rubuta ta.

Littafin nan guda zai ciyar da darussa da yawa. Malamin lissafi ya sami alƙaluman tarawa da zanen jadawali waɗanda yara suka samo da idonsu. Malamin Hausa ya sami kan insha'i da sunaye da karin magana. Malamin kimiyya ya sa tsutsa a kwalba mai huda, da ganyen da aka same ta a kai, yara su canza ganye kullum har ranar da kwanso zai tsage a sake shi a gabansu. Malamin addini ya sami abin nuni kan hikimar Mahalicci da amanar da aka ɗora wa ɗan Adam. Gani ya kori ji.

Akwai ƙa'idoji da ba a sassauta su. Ba a fita sai da sanin shugaban makaranta da kwamitin iyaye. Ranar da aka ji wani motsi a gari ko a hanya, an fasa. A ƙirga yara a fita, a ƙirga su a dawo. Kowa da takalmi, kuma malami ne a gaba da sanda saboda maciji. Kada yaro ya tsinki tumfafiya, domin ruwanta yana cutar da ido ƙwarai. Kada a taɓa gizaka. Kuma ba a kashewa, ba a cire fiffike. Wanda ya koyi riƙe hannunsa daga halitta mai rauni yana ɗan shekara tara ya koyi wani abu da yankinmu ke matuƙar bukata.

Dattawa da 'ya'yan ruga

Sanin da ke kan dattawanmu ya fi abin da ke cikin littattafanmu yawa, kuma yana tafiya kabari kowace shekara. Tsofaffin mafarauta da masu sassaƙa da unguwarzoma da matan da suka yi rayuwarsu suna tsintar kaɗanya, da yawansu suna zaune cikinmu yau a matsayin 'yan gudun hijira, ba mai tambayar su komai. A gayyato su aji. Su faɗi sunayen itatuwa da rafuka da duwatsu, da turbobin da suka bi, yara su rubuta. Kowace makaranta ta tara kundin dajinta. Dattijon da aka raba da gonarsa, ranar da ya ga yara arba'in suna rubuta maganarsa, an mayar masa da wani abu na mutuncinsa.

Haka nan kuma mu tuna da 'ya'yan makiyaya da ke azuzuwanmu, waɗanda sau da yawa ake jifa da laifin da ba su aikata ba, iyayensu ma an kore musu shanu kamar yadda aka kore na kowa. A darasin turba irin wannan yaro yakan zama shi ne gwani, domin ya san ciyawar da saniya ke so da wadda ke kashe ta. Idan ɗan gari ya tambaye shi suna ya amsa, an ɗinke wata ɓaraka da jawabai ba su iya ɗinkewa. Rikicin da ya raba mu ya shafi ƙasa da burtali da mashaya. Zuriyar da ta koyi ƙasar tare ta fi kusa da iya raba amfaninta cikin adalci.

Kada kuma wani ya ce abin da ya lalace ba ya gyaruwa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi sun ga ƙasarsu ta zama fili bayan farin shekarun 1970 da 1980. Daga 1983 wani ma'aikacin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka lura cewa kututturan da ke gonaki suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a sassabe tohon duka, sai a zaɓi masu ƙarfi a bar su, a rage sauran. Suka kira abin sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Ruwan samanmu ya fi nasu, doka kuwa ta shahara da toho daga saiwa. Abin da ya yiwu a Maraɗi ya fi sauƙi a Damari, in an sami masu sani.

Abin da muke nema daga ƙungiya

Muna gabatar wa reshe buƙatu huɗu. Na ɗaya, a zaɓi makarantu uku, ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, su fara turba a zango mai zuwa, su kawo littattafansu taron ƙarshen shekara a duba. Na biyu, wannan mujalla ta ware shafi guda a kowace fitowa don abin da yara suka ƙidaya da sunayen da suka tattaro. Na uku, shugabanni su nemi malaman daji na ƙananan hukumominmu su riƙa zuwa makarantu, su taimaka da sunaye da irin dashe na itatuwan gida kamar ɗorawa da maɗaci da tsamiya. Na huɗu, duk lokacin da ƙungiya ta zauna da hukuma kan tsaron makarantu, ta sa maganar Kogo a cikin takardarta: cewa idan aka zo tsara gandun, a fitar da turbar ɗalibai, a ɗauki 'ya'yan yankin aikin jagora da gadi, a kuma saurari manoma da makiyayan da ke kewaye da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

'Yan'uwa malamai, yaran da ke aji ɗaya a bana su ne za su zama masu unguwanni da kansiloli da malaman gona nan da shekara talatin. A hannunsu hukuncin waɗannan dazuzzuka zai kasance. Muna fatan ranar da Allah zai kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa, motar farko da za ta tsaya a bakin Kogo ta kasance cike da 'yan makaranta masu littafi a hannu, waɗanda za su sauka su gane doka da maje tun kafin a nuna musu. Wannan rana ba a hannunmu take ba, amma shirinta yana hannunmu daga ranar Litinin mai zuwa.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, malamai da ɗalibai da iyaye. Allah ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, ya shiryi masu shiryuwa, ya yi mana maganin waɗanda suka ƙi. Allah ya sa albarka a aikinmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.